Filin wasa na Sani Abacha: Masu Gida a gidan aro

Ana yi wa Kano Pillars kirari da Masu Gida, amma a 'yan shekarun nan ƙungiyar ta sha karɓar baƙinta a garuruwan wasu. Tarihin filayen wasan birnin ya nuna yadda aka kai ga haka.

Tun kafin a kafa Pillars a 1990, Kano ta san daɗin kofi, domin Raccah Rovers ta lashe gasar ƙasa a 1978. Filin da ke Sabon Gari, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Pillars, shi ne tsohon dandalin 'yan ƙwallon birnin. Sai dai na Ƙofar Mata, wato filin Sani Abacha, shi ya fito da Kano idon duniya: ya karɓi wasannin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, da na gasar cin kofin nahiyar Afirka a 2000, wadda Najeriya da Ghana suka ɗauki nauyi tare, sannan da na gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009.

Abin lura a nan shi ne, baƙi ake yi wa kwalliya. Idan FIFA ko CAF na tafe, sai a tashi haiƙan da gyara; da sun tattara nasu ya nasu, kulawa ta ja baya. Duk da haka, a wannan fili Pillars ta yi zamaninta. Ta lashe gasar ƙasa a 2008, ta sake ɗaukarta sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, kuma ta shafe kimanin shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar, har sai da Nasarawa United ta karya lagonta a 2015.

Gwamnatin jiha ce ke da filin, ita ce kuma ke da ƙungiyar, saboda haka ƙwallo ɗaya ce kawai daga cikin hidimomin da ake yi a wurin. A nan aka rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf a ranar 29 ga Mayu, 2023. A 2020 kuwa an mayar da filin cibiyar killace masu cutar korona. Babu mai hankalin da zai soki wannan a lokacin annoba, amma Pillars ce ta biya kuɗin sabulu, domin sai da ta koma Kaduna da wasanninta.

Ba gwamnati kaɗai ke da laifi ba. Da ƙungiyar ta dawo gida a Afrilun 2022, rikicin da ya ɓarke a wasanta da Katsina United ya sa aka zaftare mata maki uku, aka kuma tura ta Abuja. A ƙarshen kakar ta faɗa ƙaramin rukuni. A Oktoban 2025 aka maimaita, bayan wasa da Shooting Stars, aka kora ta Katsina.

Su ma waɗannan rikice-rikice batu ne na fili: shingen da ke raba 'yan kallo da alƙalin wasa, yawan tikitin da ake sayarwa, da jami'an da ke tsaron ƙofofi. Duka suna hannun mai filin, kuma majalisar dokokin jiha na da hurumin tambayar nawa ake warewa domin su a kasafin kowace shekara.