A Duba Kayan Nutso Tun Suna Cikin Ma'aji

Idan kogin Isa ya cika a Yamai, kamar a ambaliyar 2020, masu nutso ake nema su shiga neman wanda jirgi ya kife da shi. Mazaunin unguwar Dar es Salam yana iya cewa kogi ya yi masa nisa, amma ɗansa na zuwa wanka can.

Numfashin mai nutso ya dogara ga na'urar daidaita iska, irin wadda Cousteau da Gagnan suka ƙera a Faransa a 1943. Ƙarfin iskar da ke cikin tukunyar da yake goye da ita yakan kai bar 200. Na'urar ce ke rage shi zuwa wajen bar 10, sa'an nan ta ba shi gwargwadon abin da ya shaƙa.

A ƙasarmu, tun cikin ma'aji lalacewarta ke somawa. Zafin bazara yana busar da zobban roba har su tsage, ƙurar hunturu da yashin kogi kuma su maƙale a bakin murfin ciki. Daga nan sai iska ta yi ta kwarara babu tsayawa, ko ta zo da ƙyar. Alamun ba a ɓoye suke ba: in an buɗe tukunya aka ji tsaki, ko allurar ma'aunin matsi na tsakiya ta yi ta hawa da kanta, kada a shiga ruwa da na'urar.

Wajibi ne ma'aikatar da ta sayi waɗannan kaya ta ware kuɗin zobba da matatai, ta horar da mai gyara, ta kuma buɗe littafin da za a riƙa rubuta ranar da aka kwance kowace na'ura, aƙalla sau ɗaya a shekara.