Masaƙin Da Ya Zama Jigon Birni

Jama'a, a wannan mako za mu leƙa ƙasar Sikotilan, domin akwai abin da attajiranmu, tun daga Kano har Mutum Biyu, ya kamata su duba a tarihin David Dale. An haife shi a 1739. Ya yi kiwon shanu yana yaro, ya koyi saƙa, sa'an nan ya koma Glasgow yana fataucin zare. A 1785 ya kafa ma'aikatar kaɗin auduga ta New Lanark a bakin kogin Clyde.

Da gobara ta cinye ginin farko a 1788, bai sallami ma'aikatansa ba, ya ci gaba da biyansu albashi. Attajirai nawa ne za su iya haka? Ba mamaki da aka sa shi cikin mahukuntan Glasgow a 1791, aka kuma a 1794.

Amma fa kada mu yi tuya mu manta da albasa. Ɗaruruwan marayu ke yi masa aiki daga ƙarfe 6 na safe zuwa 7 na yamma, kana su shiga aji a gajiye. Audugar kuwa, akwai wadda bayi suka noma a cikinta, alhali shi ne shugaban ƙungiyar Glasgow mai neman a hana cinikin bayi. Ya rasu a 1806.