IDAN AN SALLAMA, CINIKI YA ƘULLU: GARGAƊI GA MASU ƘARA KUƊIN MOTA BAYAN AN GAMA MAGANA A WAYA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda ya yi fatauci, kuma mutanen Makka suka san shi da amana tun kafin a aiko shi.

Ƴan'uwa Musulmi na Bande da kewaye,

Akwai wata cuta da ta shigo mana ta cikin waya, kuma mun fara saba mata har muna kiranta wayo. Ga yadda take. Mutum ya ga hoton tsohuwar mota a WhatsApp ko Facebook, tana Damagaram ko Maraɗi ko Kano. Ya kira mai ita, ya taya, aka ce albarka. Ya ƙara, aka ja aka ja, har mai mota ya ce: na sallama. A ce a kan miliyan 3. Sai bawan Allah ya kai bijimansa kasuwa, ya sayar da riɗin da ya ɓoye, ya aika da jikka 500 kafin alƙalami, yana lissafin yadda zai riƙa ɗaukar fasinja tsakanin Magarya da Damagaram ya ciyar da iyali. Ranar ɗaukar mota sai saƙon murya ya iso: "Alhaji, sai ka cika jikka 300, wani ya taya sama da kai."

Ya kai mai mota, da kai zan fara. Abin da ka yi ba kasuwanci ba ne, warware alkawari ne, kuma kuɗin da ka ɗora ba halalinka ba ne. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce ga muminai da su cika ƙulle-ƙullen da suka ƙulla. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna da ɓarna, ta kuma gindaya yardar juna a cikin ciniki. Wace yarda ce ke ga mutumin da ka bari ya sayar da dabbobinsa, sannan ka riƙe masa wuya? Kuma ka san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya lissafa saɓa alkawari cikin alamomi uku na munafiki. Ka tsaya a sahun farko ran Juma'a, ka fito ka aikata wannan, ba ka ji tsoro ba?

Za ka ce ai ba mu haɗu ba, ba mu yi musafaha ba, maganar waya ce. Wannan hujja ba ta da ƙafa. A mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta kakanninmu suka yi karatu, ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ke nuna yardar ɓangarori biyu. Duk almajirin da ya karanta babin ciniki a Risala ya san magana ita ke ƙulla shi, ko da masu cinikin ba su rabu ba. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad sun ba kowane ɗaya damar janyewa matuƙar ba a tashi daga majalisi ba. To ko a wurinsu, wane majalisi ya rage bayan kun kashe waya, kwana uku sun wuce, kuɗi sun shiga hannunka? Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a shekarar 1990, ta tabbatar da cewa ciniki yana ƙulluwa ta tarho da makamantansa na zamani. Waya ba ta sauke wa kowa nauyin kalmarsa.

Za ka ce kaya sun yi tsada. Ba mu musa ba. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, hanyar Kwatano da motoci suka saba bi ta toshe, ɗawainiya ta ƙaru, naira kuma ba ta kwana inda ta yini. Amma lokacin lissafin wannan duka shi ne kafin ka buɗe baki. Kana da ikon cewa albarka sau goma, babu mai tuhumarka. Ka tambayi kanka: da farashi faɗuwa ya yi bayan sallama, za ka kira mai saye ka mayar masa da rara? In ba za ka yi ba, da wane ido kake neman ciko? In kuwa gaskiyar magana ita ce motar ba taka ba ce, hoton wani ka ɗauka ka sallama kafin ka mallaka, laifinka ya zama biyu, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Hakim ɗan Hizam sayar da abin da ba ya wurinsa.

Kai ma da ka ji an sallama wa ɗan'uwanka ka je ka ɗora tayi, kada ka ɗauka hannunka a wanke yake. Hanin yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa ya tabbata a Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim. Haka dillalin da ke ƙirƙiro mai tayin ƙarya don la'adarsa ta yi kauri: wannan shi ne najashi, shi ma an hana shi.

Adalci ya sa dole mu faɗi ɗaya gefen. Farashin da aka rubuta ƙarƙashin hoto ba sallama ba ne. Wanda ya tallata mota jiya a kan wani kuɗi, yau ya ɗaga kafin kowa ya ƙulla da shi, bai zalunci kowa ba. Haka idan an sharɗanta kwanakin shawara, wanda aka ba zaɓin yana iya janyewa a cikinsu. Kuma mai mota da ya ga ya yi kuskure yana da ƙofa ta halal, ita ce iƙala: ya roƙi mai saye ya yafe masa cinikin, ya mayar da kuɗi cif. Wanda ya yafe yana da lada babba. Amma roƙo ne, ba tilas ba.

Yanzu gare ka, ya kai wanda aka zalunta. Mun ji da yawa suna cewa "na bar shi da Allah", sannan su cika kuɗin suna guna-guni. Yafiya alheri ce idan daga zuciya ta fito. Amma wanda ya biya don tsoro ko kunya ya koya wa azzalumi cewa sana'ar tana ci, gobe maƙwabcinsa za a yi wa. Ga hanyoyin da ke gabanka:

Na farko, kada ka goge komai. Saƙonnin murya, rubutu, hoton motar da lambarta, da takardar da aka ba ka inda ka aika kuɗi, su ne shaidunka.

Na biyu, ka nemi sulhu. Ka tafi da dattijo ko liman, ko ka kai magana ga shugaban dillalan inda motar take. Ɗan kasuwa yana tsoron zubewar mutunci a tsakanin abokan sana'arsa.

Na uku, fada. Dokar Nijar ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane a rigingimun dukiya da na ciniki, tun daga mai gari har zuwa sarki, kuma ana rubuta abin da aka daidaita a kai.

Na huɗu, kotu. Kundin dokokin farar hula da ake aiki da shi a Nijar, a sashe na 1583, ya ɗauki ciniki a matsayin kammalalle da zarar an daidaita a kan kaya da farashi, ko ba a miƙa kaya ba, ko ba a biya ba. Ka ga a nan dokar ƙasa da fiƙihu sun haɗu. Kana iya neman a ba ka mota a kan farashin sallama, ko a mayar maka da kuɗinka tare da asarar da ka tabbatar. Akwai kotu a Magarya, sai dai bisa ƙa'ida ana kai ƙara ne inda wanda ake ƙara yake zaune. In yana hayin iyaka, a Kano ko Jigawa ko Katsina, kotunan shari'ar Musulunci na can suna sauraron irin wannan. In kuwa motar ta riga ta shiga hannun wani da ya saya bai san da cinikinka ba, da wuya ka same ta, sai ka bi kuɗinka.

Na biyar, idan ya karɓi kuɗi ya kashe waya, ko ta bayyana babu motar tun asali, wannan zamba ce. Ka nufi jandarmomi kai tsaye.

Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta yi wa wanda aka zalunta rangwamen bayyana zaluncin da aka yi masa. Amma ka bayyana shi inda za a share maka hawaye. Kada ka watsa hoton mutum a zaurukan waya da zagi, ka tashi daga mai haƙƙi ka koma mai laifi.

Daga ƙarshe, rigakafi. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki, amma mu muna ganin neman takarda rashin yarda ne. Ku rubuta farashi da ranar miƙa mota, ku kafa shaidu biyu. Ku faɗa a sarari cewa kafin alƙalami wani yanki ne na kuɗin mota. Imamu Malik bai yarda da cinikin da ake cinye shi idan an fasa ba, kuma a dokar ƙasa rashin fayyace matsayinsa yana iya buɗe ƙofar janyewa. Kada ku zuba kuɗi duka a kan motar da ke nesa: malamanmu sun halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma sun hana sharɗanta biya tun da wuri idan yana da nisa kuma yana iya canzawa. Ku tura wanda ya san inji ya duba, ya ga takardun mota da na duwan.

Wanda ya san ya taɓa karɓar irin wannan ciko, ya nemi mai shi ya mayar masa tun yana da rai, domin istigifari kaɗai ba ya sauke haƙƙin bawa.

Allah ya tsarkake mana dukiyarmu, ya sa mu cika da imani. Wallahu a'alam. A tura wa ƴan'uwa, musamman dillalai da direbobi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.