A RABA MAI KUJERA DA MAI MABUƊIN BAITULMALI

Ya ku talakawa da 'yan kasuwa, ku matso ku ji. Mai tebur a Gidan Dahala yana biyan kuɗin tikiti, mai kura yana biya, mai shago yana biya. To, ina kuɗin nan ke zuwa? Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwa, da tasha, da kwata, da kwashe shara. Wanda ya biya kuwa yana da ikon tambaya.

Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓu. Madalla. Amma in tulu yana yoyo, ƙarin ruwa ba ya cika shi.

Ga inda hujin yake. Tun 1991, zamanin Janar Babangida, aka mai da Ciyaman kamar ƙaramin shugaban ƙasa. Shi ne ɗan siyasa, shi ne mai zartarwa, mabuɗin baitulmali kuma yana aljihunsa. Kansiloli suka koma 'yan amshin shata. Iyayenmu sun sha wuyar En'e, inda mai karɓar haraji shi ne mai 'yan doka, shi ne mai gidan yari. Ashe tara iko a hannu ɗaya bai mutu ba, riga ya sake.

Abin da muke nema shi ne mulkin Majalisa da Manaja. Jama'a su zaɓi kansiloli. Kansiloli su yanke abin da za a yi da nawa za a kashe. Sa'an nan su ɗauki ma'aikaci ƙwararre, wanda ya san lissafi da aikin gari, ya aiwatar. In ya yi daidai ya zauna. In ya yi ha'inci, rinjayen kansiloli ya sallame shi, ba sai an jira shekarar zaɓe ba. Ciyaman ya shugabanci zaman majalisa, ya bar ɗakin kuɗi.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare ku. Wane Alhaji ne ke barin yaron shago ya saye, ya sayar, ya kuma binciki kansa? Mai dukiya daban, mai jiran shago daban, ranar lissafi kuma kowa ya san ta.

An gwada shi a wasu ƙasashe. Garin Staunton na Amurka ya ɗauki manaja a 1908. Birnin Dayton ya bi sahu a 1914, bayan ambaliyar 1913 ta nuna wa mutanensa cewa gyaran gari aikin gwani ne. Mu ma gyaran 1976 ya ɗan kusanci haka, da ya ba Sakatare jagorancin ma'aikata. Illarsa, daga sama ake turo shi, saboda haka sama yake tsoro.

Wasu za su ce, ai manaja ba zaɓaɓɓe ba ne, kantoma ne da sabon suna. A'a. Kantoma yaron wanda ya naɗa shi ne a gidan gwamnati. Manaja yaron kansilan da kuka zaɓa ne, wanda kuke haɗuwa da shi a masallaci da wurin suna. Sai dai mu faɗi gaskiya: in zaɓen kansila na jeka-na-yi-ka ne, manaja ma ba zai tsinana kome ba. Dole a haɗa da zaɓe na gaskiya.

Sashe na 7 na Tsarin Mulki ya bar wa dokar jiha tsara fasalin ƙananan hukumomi. Ke nan Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato tana iya kawo wannan gyara ga ƙananan hukumominta 23. Ku kai maganar ƙungiyoyinku na kasuwa. Duk mai neman ƙuri'arku ku tambaye shi a bainar jama'a: zai raba kujera da mabuɗi, ko kuwa? In ya yi ta kame-kame, kun san amsa. Allah ya taimaki talaka.