Layin Waya da Yardar Mai Shi a Batsari da Safana

Lambar waya ta daɗe da wuce matsayin abin gaisawa da dangi a yammacin Jihar Katsina, domin a yau ita ce ke riƙe da asusun banki da lambar shaidar ɗan ƙasa da sunan mutum a rajistar tallafi, kuma ta kanta ne labarin hanya ke isa ga wanda zai tashi daga Batsari zuwa Katsina, ko daga Safana zuwa Dutsin-Ma, kafin ya shiga mota. Saboda haka ya zama wajibi a san wanda ke da ikon taɓa wannan lamba, wato ya mayar da ita wani kamfani, ko ya ɗora ta a kan sabon sim, ko ya rataya mata wata hidima mai cin kuɗi, sannan a san irin hujjar da za a gabatar don tabbatar da cewa mai layin ya amince. Najeriya na da dokoki a kan wannan, kuma ba raunana ba ne a takarda, amma an tsara su ne da zaton cewa mai waya yana kusa da ofishin kamfani, yana karanta Turanci, kuma sabis ba ya ɗaukewa a garinsu, alhali waɗannan abubuwa uku ba kasafai suke haɗuwa ba a ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu.

Matsalar sauya wa mutum kamfanin waya ba da saninsa ba ta fara yin ƙamari ne a Amurka. Bayan da aka rarraba kamfanin AT&T a 1984, kowane gida ya sami damar zaɓar kamfanin da zai riƙa ɗaukar masa kiran nesa, sai gasar neman abokan ciniki ta kai wasu kamfanoni ga mayar da mutane rumbunsu ta hanyar sa hannu na jabu, ko takardun shiga gasar cin kyauta waɗanda aka ɓoye sharaɗin sauya kamfani a cikin ƙananan rubutunsu, ta yadda mai gida ba ya farga sai takardar biyan kuɗi ta iso da sunan kamfanin da bai taɓa ji ba. Dokar Sadarwa ta 1996, a sashe na 258, ta haramta wannan aiki, kuma hukumar sadarwa ta tarayyar ƙasar, FCC, ta shimfiɗa ƙa'idar cewa ba a sauya wa kowa kamfani sai an tabbatar da yardarsa, ko dai a rubuce, ko ta bakin wani kamfani na daban wanda ba shi da riba a cinikin kuma yake naɗar muryar mai layin. Wanda aka sauya wa kamfani da zalunci ba ya biyan kuɗin kwanaki 30 na farko, idan kuma ya riga ya biya, kamfanin da ya yi laifin zai fitar da ninki ɗaya da rabi na abin da ya karɓa. An kuma bai wa hukumomin jihohi damar karɓar irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe da yanke hukunci a kansu, jihohi da dama kuma suka karɓi aikin. Abu biyu ne suka ba wa wannan tsari ƙarfi, wato nauyin kawo hujja yana kan kamfani, kuma wurin kai ƙara yana kusa da mai ƙara.

A Najeriya lamarin ya sha bamban tun daga tushe, domin tsarin mulkin 1999 ya sanya sha'anin waya cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka gwamnatin Jihar Katsina ba ta da hurumin ba kamfanin waya lasisi ko cin sa tara a kan abin da ya yi wa mai layi. Wannan iko yana hannun Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, wadda aka kafa a 1992, aka kuma faɗaɗa ikonta da dokar sadarwa ta 2003, shekara biyu bayan gwanjon lasisin wayar salula na 2001 da ya shigo da MTN da Econet, wanda a yau ake kira Airtel. Glo ya biyo baya a 2003, sai Etisalat a 2008, wanda ya koma 9mobile a 2017. A watan Afrilun 2013 hukumar ta ƙaddamar da tsarin ƙaura da lamba, ma'ana mutum ya bar kamfanin da yake ya koma wani ba tare da ya rasa lambarsa ba, kuma ta gindaya sharuɗɗa masu tsauri: mai layin ya je da kansa ofishin kamfanin da yake son komawa, ya nuna shaidarsa, ya cike takarda, sannan ya aika saƙon amincewa daga layin kansa zuwa lamba 3232, kuma a farkon tsarin ba a sake ƙaura sai bayan kwana 90. Adalci ne a ce wannan ƙofa an tsare ta da kyau, domin ba kasafai ake jin wanda ya wayi gari ya tarar an mayar da layinsa wani kamfani ba. Sai dai mai son ƙwace layin wani yana da wasu hanyoyin da suka fi wannan sauƙi.

Mafi haɗarinsu ita ce sabunta sim, abin da masu waya ke kira walkam bak, wato a ɗora tsohuwar lamba a kan sabon kati idan na farko ya ɓace ko ya lalace. Hidima ce da ba makawa sai da ita, musamman a yankin da ake ƙwace wayoyi a kan hanya kuma mutane ke barin gidajensu da daddare ba tare da sun ɗauki komai ba, amma ita ce kuma ɗan damfara ke bi idan ya tattara sunan mutum da ranar haihuwarsa da lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ya kuma sami wakilin kamfani mai sakaci ko mai haɗin baki. Alamar farko ita ce sabis ya ɗauke daga wayar mai layin, kuma a nan ne mutumin Ruma ko Wagini ko Runka ya fi na birni shiga tasku, domin ɗaukewar sabis ba baƙon abu ba ne a wurinsa, sai ya ɗauka injin da ke ba turken sadarwa wuta ne ya ƙare da mai, ya sa wayar a aljihu ya jira. A cikin waɗannan sa'o'i, duk lambar sirri da banki ke turowa don tabbatar da cirar kuɗi tana sauka ne a wayar ɓarawo, wanda ke danna lambobin banki masu farawa da tauraro su ƙare da gidan dara, ya kwashe kuɗin rogon da aka sayar ko na bijimin da aka yi shekara ana kiwo. Tun daga ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da ciniki da yawa ya koma ta waya da na'urar POS, abin da ke rataye a kan sim ya ƙaru sosai.

Yadda ake mu'amala da waya a karkara ma yana buɗe wata kafar. A shagon mai caji, inda ƙaramin janareto ke ruri kuma wayoyi da dama ke jere a kan katako kowace da lambar da aka manna mata, waya na kwana a hannun wanda ba mai ita ba, da sim ɗinta a ciki, galibi ba tare da an kulle shi da lambar sirri ba. Dattijuwar da saƙo ya shigo mata tana miƙa wayar ne ga yaron maƙwabta ya karanta mata, mai cirar kuɗi a wurin ɗan POS kuma yakan faɗi lambarsa ta sirri da baki a gaban jama'a. Yawancin masu waɗannan sana'o'i mutane ne masu riƙon amana, kuma da ba don su ba da waya ba ta yi amfani a ƙauye ba, amma dokar da ta ɗauka cewa duk abin da aka danna a kan waya mai layin ne ya danna shi ba ta san wannan rayuwa ba.

Hanya ta biyu ba ta da girman asara a lokaci guda, amma ta fi yaɗuwa, ita ce ɗora wa mutum hidimar da bai nema ba, kamar waƙar da mai kira ke ji, ko sakamakon ƙwallo, ko shiga wata gasa, a riƙa zarar kuɗi kaɗan-kaɗan kullum ko kowane mako. Wanda ya sa katin naira 200 don ya ji lafiyar ɗansa da ya tafi cirani, ya tarar an zabge wani abu kafin ya kira, ba zai biya kuɗin mota zuwa Katsina a kan wannan ba, kuma masu wannan ciniki sun san da haka. Hukumar NCC ta ɗauki matakai a zamanin shugabancin Farfesa Umar Garba Danbatta, inda a 2016 ta fito da lamba 2442 don toshe saƙonnin talla, akwai kuma lamba 622 ta kiran kyauta ga wanda ya kai kuka wurin kamfaninsa ba a share masa hawaye ba, sannan a 2023 aka daidaita gajerun lambobin dukkan kamfanoni, ta yadda 300 ta zama ta kiran ma'aikatan kula da abokan ciniki, 305 kuma ta dakatar da hidimomin da aka ɗora wa layi. Waɗannan matakai suna da amfani ga wanda ya san da su. Amma saƙon da ke neman amincewa da wanda ke sanar da cirar kuɗi galibi da Turanci suke zuwa, kuma amincewar da aka samo daga mutumin da bai fahimci abin da aka tambaye shi ba bai kamata doka ta lissafa ta a matsayin yarda ba.

Hanya ta uku ita ce wadda halin tsaro ya sa ta fi cizon wannan yanki. Ƙa'idar hukumar ta ba kamfani damar dakatar da layin da ya yi wata shida ba a yi amfani da shi ba, idan kuma ya ƙara wata shida a haka, mai shi na iya rasa lambar a sayar wa wani. Akwai hujja a kan haka, domin lambobi dukiya ce mai iyaka, amma ƙa'idar ba ta bambanta wanda ya jefar da layinsa da wanda aka raba da shi ba, kamar wanda aka yi garkuwa da shi, ko wanda ya yi gudun hijira, ko wanda aka ƙwace wa waya kuma ba shi da halin zuwa inda za a sabunta masa sim. Lambar na iya komawa hannun baƙo alhali har yanzu tana haɗe da asusun tsohon mai ita da lambarsa ta shaidar banki, wato BVN. A watan Satumbar 2021, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Batsari da Safana, a wani yunƙuri na toshe wa 'yan bindiga hanyar samun bayanai, kuma mutane sun shafe watanni sai sun yi tafiya kafin su sami inda za su buga waya. Ko me za a ce game da amfanin wannan mataki ga tsaro, ya nuna cewa gwamnatin jiha, duk da ba ta da ikon doka a kan kamfanonin, tana da bakin da Abuja ke saurare idan ta so, kuma babu dalilin da zai hana a yi amfani da wannan baki wajen neman a tsawaita wa'adin ƙwace layi a yankunan da rikici ya ɗaiɗaita.

Batun rajista ya ƙara dagula lissafi. Hukumar ta nuna tana da haƙora a watan Oktoban 2015, lokacin da ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda rashin katse layuka fiye da miliyan 5 da ba a yi musu cikakkiyar rajista ba, tarar da aka sassauta zuwa naira biliyan 330 a 2016, kuma daga Disambar 2020, lokacin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Manufar ita ce kowane layi ya kasance da sananne a bayansa, amma a gidaje da yawa layin matar gida yana kan sunan mijinta ko ɗanta, na tsoho kuma yana kan sunan wanda ya sayo masa shi a kasuwa. Idan miji ya rasu, ko aure ya mutu, matar da ta yi shekaru tana amfani da lambar, kuma ta ita ake aiko mata da kuɗi, ba ta da wata shaida a idon kamfani, wanda sunansa ke rajista kuwa yana iya sabunta sim ɗin ya ɗauke lambar ba tare da ya karya doka ba. Wajibi ne a samar da hanya mai sauƙi ta mayar da layi kan sunan mai amfani da shi, wadda za a iya kammalawa a hedikwatar ƙaramar hukuma.

Gyaran da ya fi kowanne muhimmanci shi ne a ɗora nauyin hujja a kan kamfani, kamar yadda aka yi a Amurka, wato duk lokacin da mai layi ya musanta cewa ya nemi sabon sim ko wata hidima, kamfanin ne zai fito da shaidar yardarsa, idan ya kasa kuma ya mayar da kuɗin tare da ƙari, domin tarar da ke shiga baitulmalin tarayya ba ta mayar wa manomi ko sisin kwabo. Haka nan ya dace neman amincewa ya zo da muryar Hausa ga wanda ya zaɓi haka, kuma a tsayar da hada-hadar banki a kan layin da aka sabunta har sai an tabbatar da mai shi ta wata hanya ta daban. Gwamnatin jiha da majalisun ƙananan hukumomin biyu, tare da fadar Sarkin Ruma a Batsari da ta Yariman Katsina a Safana, suna iya buɗe teburin karɓar ƙorafi a ranakun kasuwa, inda ma'aikaci zai taimaki mai ƙara ya kira kamfaninsa, ya rubuta masa lambar shaidar ƙorafin da aka ba shi, wadda za a buƙata idan magana ta kai ga 622. Ita kuma hukumar, wadda Dokta Aminu Maida ke shugabanta tun 2023, ya kamata ta riƙa fitar da alƙaluman ƙorafe-ƙorafe ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, domin idan ƙorafin da ke fitowa daga Batsari da Safana ya yi ƙaranci ƙwarai idan aka kwatanta da yawan layukan da ke aiki a can, hakan zai nuna mata wuraren da ya kamata ta fara tura jami'anta daga ofishin shiyya na Kano.