Waiwaye: Igiya da Ƙaho a Kasuwar Shanu

Mu da muka tashi a Maiduguri ba za mu manta da ƙurar Kasuwar Shanu ba, da kukan maruƙa, da cinikin da ake ƙullawa hannu cikin hannu. A gindin wata dalbejiya wani tsohon mai bishara kan zauna da amininsa dillali, mu samari muna gefe da Littafi Mai Tsarki wanda bangonsa ya sha hannu.

Ran nan ɗayanmu ya kawo abin da ya hana shi barci. A 2 Sama'ila 24, Ubangiji ne cikin fushinsa ya sa Dawuda ya ƙidaya Isra'ila. A 1 Tarihi 21 kuwa, Shaiɗan ne ya zuga shi. Ga shi labarin ɗaya ne: Yowab shugaban sojoji ya ja kunnen sarki bai ji ba, annoba ta ci mutum 70,000. "Baba, wanne ne gaskiya?"

Tsohon bai yi gaggawa ba. Sai da aka zo wucewa da wani bajimi yana huci, ya nuna shi da sanda. "Ɗana, in wannan ya soke ka, wani zai ce ƙaho ne, wani ya ce mai igiya ne ya sassauta. Wa ya yi ƙarya?" Ya ce marubucin Sama'ila hannun da ke riƙe da igiyar ya duba, na Tarihi kuma ƙahon. Ya tuna mana Ayuba, wanda Shaiɗan bai taɓa ko sansa ɗaya ba sai da izini. Dillalin, Musulmi ne, ya gyaɗa kai ya ce ai Iblis ma sai da ya roƙi jinkiri.

Yau yaranmu kan ga ayoyin nan biyu an jera a waya, su yanke hukunci kafin shayi ya huce. Ba na ganin laifinsu, mu ne muka daina zama da su.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne mun manta da ƙarshen maganar tsohon. Bayan wata 9 da kwana 20 ana ƙidaya, Dawuda bai ɗora wa Shaiɗan ba, bai kuma fake da ƙaddara ba. Ya ce shi ne ya yi zunubi. Littattafan biyu sun yi baki ɗaya a kan wannan. Da Arauna, mai wurin da Dawuda zai miƙa hadaya don annobar ta tsaya, ya ba shi masussuka da shanun hadaya kyauta, ya ƙi, sai da ya biya daga aljihunsa. A wannan fili Sulemanu ya gina Haikali.