Guguwa Da Rufin Kwano

Ranar Litinin 4 ga watan Mayu na shekarar 2020, ana cikin azumi, wani bangon ƙura ya taso da rana tsaka ya lulluɓe birnin Yamai. Sama ta yi ja wur, daga baya duhu ya sauka kamar an yi magariba, masu mota suka kunna fitilu, mutane suka yi ta salati.

Tun zamanin mulkin mallaka Faransawa ke kiran iskar farkon damina «tornade». Amma a wurin masana yanayi, wannan suna na wata guguwa ce dabam, mai saukowa daga gajimare tana juyawa kamar mazurari. Ƙasar Amurka na ganin irinta fiye da 1,000 kowace shekara. Ranar 18 ga Maris 1925 guda ɗaya ta ratsa jihohin Misuri, Ilinoyi da Indiyana, ta kashe mutum 695. A garin Joplin kuma, ranar 22 ga Mayu 2011, mutum 158 suka hallaka.

Duk da haka, guguwar da ta fi kowace kisa a tarihi ba a Amurka ta auku ba. A Bangladesh ne, ranar 26 ga Afrilu 1989, ta faɗa wa yankunan Daulatpur da Saturia, inda aka ƙiyasta mutum 1,300 suka rasa rayukansu. A Amurka akwai jiniyar gargaɗi da ɗakunan ɓuya a ƙarƙashin ƙasa. A ƙauyukan Bangladesh kuwa gidajen gora ne da kwano, kuma babu wanda ya sanar da kowa. Kwanon da iska ta fizge shi ne ya koma wuƙa, yana yanka duk wanda ya tarar. Ashe ƙarfin iska kaɗai ba shi ke ƙayyade yawan gawa ba; irin ginin da ta samu da kuma labarin da ya riga ta zuwa su ma suna da nasu kaso.

Wannan darasi ya shafi Yamai kai tsaye. Hadarin Sahel yakan haɗu a gabas, ya nufo yamma a jere, iska da ƙura na gaba, ruwa na biye. Shi ya sa tsofaffin magina ke ƙara wa bangon gabas yaɓe. Iskar kan kware rufi, ruwan ya jiƙa ginin laka, cikin dare bango ya faɗa wa masu barci. A watan Yuni na 2017 yara 9 suka mutu a Yamai sakamakon rushewar gidaje bayan ruwa mai ƙarfi. A wannan shekarar ce kuma wani bincike da aka buga a mujallar Nature ya nuna cewa manyan hadurran Sahel sun ninka sau 3 tun daga 1982.

Abin mamaki, Yamai ce mazaunin manyan cibiyoyin nazarin yanayi guda 2: AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974, da ACMAD, mai aiki domin Afirka baki ɗaya. Ga kuma ma'aikatar meteyo ta ƙasa. Tauraron ɗan'adam na nuna hadari sa'o'i kafin isowarsa. Sai dai sanarwar da ta tsaya a kan teburin ofis cikin Faransanci ba ta da amfani ga mai rumfa a Katako ko matar da ke kwantar da ƴaƴanta a Talladje. Wajibi ne gargaɗi ya fita da Hausa da Zabarmanci, ta Muryar Sahel, ta gidajen rediyo masu zaman kansu, ta wayar salula da lasifikar masallatai, tun kafin ƙura ta bayyana.

Ƴan kasuwa ma na da nasu alhaki. Wanda ya sayar da kwano marar kauri da sunan mai kauri, da kafintan da ya rage ƙusa domin ribar dala ɗari, su sani cewa rufin nan wata rana zai iya sauka a kan ɗan maƙwabci. Dutse ko tsohuwar tayar da ake azawa bisa rufi ba su maye gurbin ɗauri mai kyau da ƙarfe.

Ma'aikatan da ke sa hannu a takardun filaye kuma su tuna da dajin darbejiyar da aka fara dasawa kewaye da birni a 1965 domin ya tare iska da rairayi. Rabon filaye da gine-gine sun cinye babban ɓangarensa. Kowace bishiya da aka sare, ƙofa ce aka buɗe wa iskar gabas.

Rai da ajali na hannun Allah, amma ƙusa da gargaɗi na hannun mutane. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaran rufi da bango aikin watan Afrilu ne, tun kafin gabas ta yi baƙi.